Farar Kwalbar da Na Sayo wa Walida

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na shiga ɗakin likita ina jiran yabo, na fito ko ido ba na iya haɗawa da matata.

Ni malamin gona ne a Funtua. Shekara da shekaru ina zaga ƙauyuka a kan babur, har can wajen Mahuta, ina faɗa wa manoma abin da ke damun masararsu. In mutum ya saba a ce masa Malam, a tsaya a saurare shi, sai ya ɗauka babu fagen da iliminsa bai kai ba. Abin da ya kayar da ni ke nan.

'Yarmu Walida shekararta shida a lokacin. Tun tana da uku likitoci suka ce tana da abin da suke kira otizim. Maganarta ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, hayaniya na firgita ta, kuma ba ta shan komai sai a wani shuɗin kofi nata. Duk wannan mun saba. Abin da ya gallabi gidan shi ne rashin barci. Sai ta raba dare ido biyu, in ta samu ta kwanta kuma kafin asalatu ta tashi. Uwarta Rabi ce ke fama da ita. Ni ina ɗakina na rufe ƙofa (wai gobe akwai aiki, sai ka ce ita hutu take wuni tana yi). Rabi ta rame, idanunta suka zurma. Akwai ranar da gyangyaɗi ya sace ta a bakin murhu har gefen zanenta ya kama wuta.

Ana cikin haka aka turo wani saƙon murya a zauren wasaf na abokan makarantarmu. Wata mata ce ke cewa akwai sinadarin da ake kira maganiziyam, wai in ana ba yara irin Walida suna samun barci. Da na ji sunan sai na gyara zama. Ai ni da maganiziyam mun san juna! Shi ne in ya yi wa masara ƙaranci za ka ga ganyen ƙasa ya yi zane-zanen rawaya. Sau nawa na tsaya a gona ina wannan bayanin? Ban tambayi kowa ba, na hau babur sai wani kemis da ke kusa da tasha.

"Kana da maganiziyam?"

Mai kemis ya ɗauko wata kwalba mai farin ruwa kamar nono. Ya ce, "Malam, na babba ne ko na yaro? Ciki ne ya ɗaure?"

Na ɗaga masa hannu. "Ba ni kawai, na san abin da nake nema."

Na ga manyan haruffan da suka yi kama da sunan, na wadatu. Ƙananan rubutun da ke baya kuwa ban karanta ba (tabarauna na aljihu, girman kai ne ya hana ni ciro shi).

Ban gaya wa Rabi ba. So nake sai yarinya ta fara barci in fito da kwalbar in ce ga sirrin. Sai na ce mata daga yau ni zan riƙa ba Walida kunun magariba. Wallahi har yau in na tuna yadda fuskarta ta washe sai kunya ta kama ni. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baban Walida." Ta ɗauka na fara tausaya mata ne. Ni kuwa in ta juya baya sai in tsiyaya cokali guda a shuɗin kofin.

Kwana biyu barci bai zo ba, na mayar da shi cokali biyu. A kwana na uku zawo ya fara. A kwana na biyar Walida ta galabaita har ta yi barci tun bayan isha'i, ba ta motsa ba sai da gari ya waye. Ni kuma, Allah ya yafe mini, murna na yi, na ce magani ya fara aiki. Zawon ban taɓa danganta shi da kwalbata ba. Rabi ce na ɗora wa laifi, kuma a gaban mahaifiyata, Hajiya, da ta zo duba jikarta.

Na ce, "Hajiya, kullum ina faɗa mata ta riƙa kula da ruwan randar nan, da hannun yarinyar nan. Ba ta ji."

Hajiya ta yi mata faɗa sosai. Rabi tana durƙushe tana dama ruwan gishiri da sukari, ta ce, "A yi haƙuri, Hajiya, za a kiyaye."

Ita ce ta nace mu tafi Zariya wajen likitar da ke duba Walida, ba sai ranar da aka ba mu ta zo ba. Na jefa kwalbar a aljihu muka kama hanya.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Akwai nas ɗaya a ɗakin da ɗalibai mata biyu masu koyon aiki. Ta duba idon Walida da bakinta, ta ja fatar cikinta, ta ce ruwan jikinta ya ragu. Sannan ta tambaya ko akwai wani sabon abu da take ci ko take sha.

Rabi ta ce, "Babu, Likita."

Nan na yi gyaran murya. Na ciro kwalbar na ajiye a kan tebur, na shiga bayani. Na yi maganar jijiyoyi, na yi maganar barci, har ganyen masara sai da na kawo misali da shi. Na ga ɗaliban suna kallon ƙasa, na ɗauka ilimi ne ya ratsa su.

Likita ta bar ni na gama. Ta juya bayan kwalbar ta ɗora yatsa a kan rubutun, ta miƙo mini.

"Malam, sa tabarau ka karanta. Wannan maganin ɗaurewar ciki ne. Aikinsa ke nan, ya sa zawo. Kwana nawa kana ba ta?"

Rabi ta dubi kwalbar, ta dube ni. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "A kunun ne?"

Na ce, "A kunun."

Ta jawo Walida ta rungume. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likita ba ta wulaƙanta ni ba, shi ma wani dukan ne. Ta ce gaskiya akwai iyayen da ke gwada maganiziyam don barci, wasu su ce sun ga sauƙi, amma har yanzu ba a tabbatar yana yi wa kowane yaro aiki ba. Ta ce iri-iri ne, kuma ko wanda ake sha don ƙarin ƙarfin jiki in ya yi yawa zawo yake sawa. In za a ba yaro, sai an duba lafiyarsa da abin da yake ci, likita ya yanke nawa ne. Sai ta ɗauki biro ta dube ni.

"To Malam, ƙarfe nawa take kwanciya? Me ke tashinta?"

'Yata ce, gida ɗaya muke kwana, ban sani ba. Rabi ce ta amsa. Ta ce in an ɗauke wuta aka dawo da ita, hasken ƙwan lantarki ne ke firgita ta. Ta ce ɗinkin wuyan riga na sosa ta, sai an juya mata rigar bai-bai. Ta ce in ta yi barcin la'asar, to daren nan an rasa shi. Likita tana rubutawa tana gyaɗa kai. A kan abin da Rabi ta faɗa aka tsara mana komai: lokacin kwanciya ɗaya kullum, a kashe ƙwai tun da wuri, a ɗauke waya, a rage barcin rana. Aka yi wa Walida ƙarin ruwa leda ɗaya, sai bayan la'asar aka sallame mu.

A mota, mun kusa Giwa, na yi ƙarfin hali na ce, "Rabi, ki yafe mini."

Tana kallon gonaki ta taga ta ce, "Na yafe, don na san sauƙi kake nema mata. Amma a gaban Hajiya ka ce ni ce. A gabanta za ka warware."

Haka aka yi. Na durƙusa gaban Hajiya na zayyana komai tun daga kemis. Hajiya ta yi salati ta riƙe haɓa. Ta kira Rabi ta ba ta haƙuri, abin da ban taɓa jin ta yi wa wata suruka ba. Ni kuwa ce mini ta yi, "Duk kuɗin bokon nan da aka kashe maka, ashe rabin kwalba kake iya karantawa."

Walida ta warke cikin kwana uku. Barci kuma bai gyaru a dare ɗaya ba, har yanzu akwai ranakun da sai addu'a, amma ya fi da. Yanzu kwana uku a mako ni ke zama da ita, Rabi ta samu ta runtsa. Can na gane abin da ya kamata in gane tun farko: wanda ya rufe ƙofa ya yi minshari ba shi ne zai rubuta wa gida maganin barci ba.