Ranar da Ragona Ya Kwanta a Toka

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar bara waccan ba, shekarar da na kwashi iyalina daga Damagaram zuwa Gure da niyyar in nuna wa 'yata cewa ubanta ba zaman kujera kaɗai ya iya ba.

A unguwarmu ta Gure ba a gaggawar kai ragon layya tukunya. In an feɗe shi, sai a buɗe shi a ɗaure a kan sanda biyu a gicciye, a fito da shi ƙofar gida. Gida biyar ko shida kan haɗu su hura wuta guda babba, a kakkafa raguna kewaye da ita, su wuni suna gasuwa a hankali, sai washegari a yanyanka a raba wa dangi da maƙwabta. Kowane gida da gurbinsa. Namu na gabas ne, dab da na maƙwabcinmu Malam Ari, kuma tun da na yi wayo mahaifina ke kafa rago a wurin da hannunsa.

Ni aikina daban ne. Tun ina shekara goma sha ɗaya aka kai ni lakwal a Damagaram, can na yi karatu, can na sami aiki, can na yi aure. Duk sallah nakan zo gida a matsayin baƙo, a shimfiɗa mini tabarma a inuwa, a miƙo mini hanta da zafinta, in ci in yaba. Da salula ta shigo sai aka ƙara mini girma, na zama mai ɗaukar hoto. (Ina da hotunan Baba tsaye kusa da rago na shekaru da yawa a jere. Babu ko ɗaya da na ɗauka yana tsugune yana aikin.)

Baba ya rasu wata biyar kafin wannan sallar, ni ne kuma ɗan fari. Tun ranar da aka share makoki na ƙudura a raina cewa ba mai tsayawa a gurbin nan sai ni. Wannan niyya ce mai kyau. Abin da ya ɓata ta shi ne bakina.

'Yata Fanna tana da shekara huɗu a lokacin, ba ta taɓa yin sallah a Gure da wayonta ba. Wata rana tana kallon hotunan a salulata ta ce, "Baba, wa ya tsayar da ragon nan?" Na ce ni da Kaka. Bayan mako guda labarin ya girma, ya zama ni nake yi, Kaka yana miƙo mini igiya. Kafin wata ya cika, a bakin Fanna duk Gure ba mai kafa rago sai ubanta. Matata Hadiza, wadda ta sha ganina da hanta a hannu, takan yi tari kawai ta shige madafa.

Kada a ce ban yi shiri ba. Na sayo sanduna biyu masu kyau, na kankare su har suna sheƙi. Tunda ba ni da ragon gwaji, sai na ɗauko buhun dusa na ɗaure a kansu, na kafa a tsakar gidanmu na buga da dutse. Ƙasar Damagaram kuwa tauri gare ta, abin da ka kafa ya kafu. Kwana uku buhun nan yana tsaye, ni da Fanna muna zagaya shi muna juyawa. Hadiza ta ce, "Baban Fanna, me zai hana ka kira Baba Kiyari ka tambaye shi?" Baba Kiyari ƙanen mahaifina ne, tare suka yi wannan aiki tun suna samari. Na ce mata sanda biyu da rago ba lissafin lakwal ba ne da zan nemi malami.

Jajibirin sallah muka shiga kar, babbar motar haya, da sassafe. Rago yana can gida, Inna ta yi kiwonsa, amma sandunana na taho da su, na naɗe su cikin tsohon zane na rungume, domin na ƙi yarda a jefa su sama cikin kaya. (E, na ɗauki sanda daga birni na kai ƙauye. Na sani. An sha faɗa mini.) Tun ba mu bar gari ba Fanna ta fara tambaya ko mun iso. A Mirya ta tambaya, a Gidimuni ta tambaya, ta ci dabino ta yi amai a gefen rigata, ta yi barci, ta farka a Gidigir da sabon ƙarfi. Nan ne ta miƙe tsaye a kan cinyar uwarta ta sanar da mutanen mota cewa babanta zai je ya gasa wa mutanen Gure rago saboda su ba su iya ba. Wani dattijo mai rawani ya waiwayo, ya dubi sandunana, ya dubi tafin hannuna, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Na amsa da amin mai ƙarfi.

Da muka isa aka gama gaisuwa da koke-koken tuna Baba, sai Inna ta kawo maganar. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana kai tsaye ba, kunyar ɗan fari. Sai ta ɗora Fanna a cinya ta ce mata, "Ki faɗa wa wannan ya bar wa Kiyari aikin gobe. Shi ya zauna ya huta, ya sha hanya."

Na ce, "Inna, gurbin Baba ne. Ni zan kafa."

Ta ci gaba da gyara wa Fanna kitso. Baba Kiyari yana zaune a bakin zaure yana jin mu. Ya karɓi sandunan ya jujjuya su ya ce, "Sun yi kyau. Ka san yadda ake yi dai ko, ɗana?" Da a nan na ce a'a, da wannan labari bai samu ba. Amma Fanna tana kallona, ido waje. Na ce na sani sarai.

Ranar sallah muka dawo daga idi, Baba Kiyari ya yanka ya feɗe. (Wannan ɓangaren na bar masa, don girmamawa, in ji ni.) Na ɗaure ragon a sandunana yadda na ɗaure buhu, ban ma cire sabuwar shaddata ba, na naɗe hannu kawai. A waje an riga an hura wuta, maza sun tsuttsuguna kowa a gurbinsa. Na lura Malam Ari yana ta haƙa rami har hannunsa ya nutse zuwa gwiwa, da buta a gefensa, amma na ɗauka tsufa ne ke sa shi jan aiki. Ni na soka sandunana a rairayi, na danna, suka shige sumul ba gardama. Na tura rairayi da ƙafa na rufe. Kafin kowa ya gama nasa ramin, ragona yana tsaye. Fanna ta yi tsalle tana tafi, ta ruga cikin gida tana ihu cewa babanta ya riga kowa.

Baba Kiyari ya zo ya tsaya a bayana ya ce a hankali, "Ka ba shi ruwa?" Na ce ragon da aka yanka wane ruwa zai sha kuma. Ya dube ni, ya koma tabarmarsa.

Har azahar komai lafiya. Har la'asar ma lafiya. Naman ya yi ja, kitse yana ɗiga a wuta, ƙamshi ya cika unguwa. Ana ta shayi a inuwa, masu yawon sallah suna wucewa suna gaisuwa. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara ba wani yaron maƙwabta shawara kan yadda ake ɗaure ƙafar baya. Sai na ga lokaci ya yi da za a ɗauki hoto, irin wanda na saba yi wa Baba. Na aika aka kira Hadiza, Fanna ta janyo Inna har bakin zaure. Na tsaya kusa da ragona, na gyara hula, na ɗora hannu a kan sandar sama kamar maharbin da ya kashe zaki.

Ban danna ba. Wallahi ɗorawa kawai na yi. Sai na ji sandar tana tafiya a ƙarƙashin hannuna, a hankali, kamar mai jin barci. Ragon ya karkata hagu, ya jingina da na Malam Ari. Na kai hannu biyu na rungume shi, zafi ya ratsa ni na saki ihu na sake shi, nauyinsa da nawa suka taru a kan ragon Malam Ari. Wancan ya yi iya ƙoƙarinsa, sandarsa ta yi ƙara ta karye. Duka biyun suka kife a bakin wuta, toka ta tashi ta rufe mu. Da ta lafa, ga ni zaune a ƙasa, hula a cikin toka, gaban shaddata ya jiƙe da kitse, ga raguna biyu kwance cikin rairayi.

Kowa ya tsaya cak. Mai zuba shayi ma ya tsaya da butarsa a sama. A nan ne muryar Fanna ta fito tar.

"Baba, ai a gida buhun bai faɗi ba!"

Malam Ari, da ke kallon ragonsa, ya juyo ya ce, "Wane buhu, 'yar nan?"

Ta ba shi labari tsaf. Buhun dusa, kwana uku, yadda muke zagayawa, har da cewa nakan shinshina buhun in ce ya kusa nuna. (Wannan wasa nake mata, amma wa zai tsaya ya saurari bayani?) Wani ya fara, sauran suka kama. Dattawan da suka yi salla a sahun gaba da safe suna ta riƙe ciki suna share hawaye. Hadiza ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, kuma daga baya na gano ta ɗauki hoton. Inna ta juya ta shige gida, wannan ya fi dariyar ƙona ni.

Fanna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Baba, ashe ba ka iya ba?"

Na so in ce iska ce. Na so in ce sandar ce. Amma na gaji da ƙarya. Na ce, "Ban iya ba, Fanna. Kakanki ne yake yi. Ni hanta nake ci."

Baba Kiyari ya taso, ya sa aka ɗaga ragunan aka karkaɗe. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya ce, "Rairayin Gure ba ya riƙe sanda sai ka haƙa har ka tarar da sanyi, ka zuba ruwa, ka tattake, ka tokare ta baya. In wuta ta busar da shi ka ƙara. Kowace shekara yayana yakan waiga tabarmar nan ko za ka taso ka tsuguna kusa da shi. Ba ka taso ba, shi kuma bai iya kiranka ba."

Wannan maganar ta fi wutar zafi, kuma ba zan ɓoye ba, sai da na yi hawaye, na bar mutane suka ɗauka hayaƙi ne. Na tuɓe shaddar na ajiye, na tsuguna da singileti a gurbin Baba na fara haƙa da hannun da ya ƙone. Na ce sai na kafa ragon nan ko da zan kai magariba. Na fara da na Malam Ari, da sandar da aka aro, sannan namu. Sau biyu Baba Kiyari yana cewa ramin bai kai ba, sau biyu ina sakewa. Fanna ta kinkimo buta da hannu biyu, rabin ruwan a ƙafarta, ta zuba, ta hau ta tattake da sabon takalminta na sallah. Da muka gama ta tura sandar da dukkan ƙarfinta, ba ta motsa ba. Ta ce, "Yanzu mun iya."

Washegari aka raba nama, kuma duk wankin da aka yi masa bai fitar da rairayin ba. Gida-gida aka ci namanmu ana ƙaras-ƙaras. Malam Ari ya aiko a gaishe ni, ya ce in gaya wa buhun yana gaishe shi. Inna ta ajiye mini hanta a ƙaramin kwano, ta ba Fanna ta ce, "Kai wa wannan. Bana ya ci da guminsa."

Bara mun koma, bana ma mun koma, ragona bai sake kwanciya ba. Sunan dai ya zauna, yaran unguwa Mai Buhu suke ce mini. Fanna kuma har yanzu takan miƙe a cikin mota wajen Gidigir ta ba fasinja labari, sai dai yanzu gaskiya take faɗa, da duk abin da ke cikinta. Na koyi cewa in za ka yi cika baki, kada ka yi a gaban 'yar shekara huɗu, domin ba ta mantuwa kuma ba ta san rufin asiri ba. Na kuma koyi cewa abin da ba ka iya ba, ka tambaya tun mai shi yana waigowa. Shi ya sa duk sallah ba na barin Fanna a tabarma. Kafin a kawo mata hanta, sai ta kawo buta.