Miyar Tsiron Alayyahu

Shekarar da ma'aikatar Baba ta dawo Abuja, kasuwa ta yi mana nisa a Kubwa, sai Umma ta shuka alayyahu a bayan gida, kullum tana bin sa da ruwan bokiti.

Ni da ko gaisuwa sai an matsa mini, wata rana na dawo daga makaranta da ilimina: malama ta ce ɗan tsiro ya fi babban ganye gina jiki. Umma na unguwa, na tsige shukar kaf, ganyen ko ƙumbata bai kai ba. Da na dafa, ludayi ɗaya bai cika ba.

Da Umma ta dawo, ta daɗe tana kallon ƙasar lambun. "'Yar nan, miyar wata guda kika ƙarar a cokali?"

Muka koma miyar kuka. Har yau in na je gida Yaya cewa yake, "A rufe lambu, Likita ta iso."