Zabuwar da Ta Ƙi Rufe Ido

A wani daji ne fa aka yi ta, 'yar'uwa, kuma a cikin majami'a! Dabbobin wurin suna sujada a gindin tsamiya, Fasto Ɓauna ke kiwonsu. Cikinsu akwai wata zabuwa, Bilhatu, ƙyanƙyasar fari. Kowace Lahadi ga ta da 'yan tsaki jere a baya, kai ka ce kafin ita ba a taɓa haihuwa ba.

To, akwai Dattijo Gayus Muzuru, mai son addu'ar shiru. Da ya ce, "Mu rufe ido, kowa ya gana da Ubangijinsa a zuci," sai a daɗe. Ana cewa Amin, Bilhatu ta duba baya, ɗa ɗaya babu. Wata Lahadi ma haka. Kuma a gidan gaisuwa ba mai kuka kamar Dattijo, har sai an riƙe shi.

Lahadi ta zagayo, aka ce a rufe ido. Bilhatu ta bar nata tarwai. Me za ta gani? Hannun Dattijo yana rarrafowa ta ƙarƙashin benci. Suka haɗa ido, ya janye, ya ce Amin da ƙarfi.

Shi ya riga ta kai ƙara gaban dattawa.

Ya ce, "Baba Fasto, akwai masu bi na gaske, akwai na baki. Mai bi na gaske yakan rufe ido ya bar wa Allah tsaro. Wannan yarinya kuwa kalle-kalle take yi. Ina faɗa ne cikin ƙauna."

Bilhatu ta ce, "Na ga hannunsa kusa da ɗana."

Fasto ya ce, "'Yata, wa zai shaide ki?"

"Wa kuwa, Baba? Ai kowa mai bi na gaske ne, idonsa a rufe."

Dattawa suka yanke mata bencin horo, can baya bakin ƙofa. Ta miƙe tana karkaɗa fiffike.

"Ku sa ni a bencin. Ku hana ni cin jibin Ubangiji, ku cire ni daga mawaƙa. Wanda ya ba ni 'ya'yan nan shi ya ba ni idon nan, kuma yana jin addu'ata ko ban runtse ba. In dole sai na rufe, to kowa ya riƙe hannun na kusa da shi har a ce Amin. In ba haka ba, idona biyu, har ranar da za ku binne ni."

Fasto ya ga riƙe hannu ba laifi, alamar zumunci ne ma. Dattijo ya ce madalla, yana ta hangen ɗan ɓera mai sanyin hannu.

A bencin baya Bilhatu ta tarar da Iya Tabita Beguwa. Tsohuwa ce, muryarta ba daɗi, ba ta taɓa tashi ta ba da shaida ba, dattawa sun daɗe da sa ta cikin masu sanyin bangaskiya. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, uwar yara."

Lokacin addu'a ya yi. Iya Tabita ta taso a hankali, ƙayoyi na ƙara, har gaba.

"Gayus ɗana, tun da na shigo ikkilisiyar nan ba wanda ya taɓa riƙe hannuna. Kai da ka fi mu ƙauna, kawo naka."

"Iya, ai akwai yara da..."

"Kawo duka biyun, ɗana. Na daɗe ina jira."

Ta kama, ta matso jikinsa sosai, ta rufe ido tana roƙa masa jinƙai har da hawaye. Ke, ran nan addu'ar shiru ba ta kai tsawon atishawa ba! Bilhatu ta waiga, 'ya'yanta cif. Ta rangaɗa guɗa daga bencin horo, aka ce ta yi shiru, ta ƙara wata.

Tun daga nan Iya ba ta fashin sujada, ko da zazzaɓi. Yaran sun yi gashi, sun fara tashi. Uwarsu tana baya har yau, don dattawa ba su janye hukunci ba.

Don Allah ki kai wa matan zumuntar majami'a labarin nan, har da na bencin gaba. Ki ce musu Dattijo ya rame ƙwarai, ya ce azumi yake yi, dattawa kuma sun ce a yi koyi da shi.