Rasuwar Kwamfutar Ɗakin Kati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da tsufa ya hana ni ɓoyewa, nake sanar da rasuwar kwamfutar ɗakin kati na asibitinmu, abokiyar aikina, wadda ta cika ranar Talata bayan doguwar jinya da gajeren taron shugabanni.

Marigayiya ba ta da yawo. Manhajarta a cikinta take zaune, bayanan marasa lafiya a cikinta suke kwana, kuma ko intanet ya ɗauke ba ta taɓa sa mai zazzaɓi jira ba. Aibinta ɗaya: sai ka taso ka zo gabanta. Likita ya ce ƙafafunsa sun gaji da wannan biyayya, shi wadda ake buɗewa a intanet yake so, daga ofis, daga waya, daga bakin gadon majiyyaci. Na ce wadda ke amsa sallamar kowa ba ta san mutanen gida ba. Aka yi dariya, aka ce Baba ya fara karatun nasa.

Ciwon ajalinta a fankar cikinta ya soma. Da safe sai ta yi ƙirrr, ta yi shiru kamar mai tuno wani abu, sannan ƙit. Ranar Talata ƙit ɗin bai zo ba.

Ta bar firinta mai cin takarda, da kujerar da ta lotsa daidai jikina, da magajiyar da ba ta da ko inuwa.

A cikin marigayiya katin uwar 'ya'yana yake. Ni da hannuna na danna akwatin da ke cewa ta rasu, kuma daga ranar kwamfutar nan ba ta sake kiran sunanta ba. Kunyar da dangi da yawa ba su yi ba. Da aka kwashe bayanai zuwa sabuwar, tun marigayiya tana jinya, akwatin bai sami gurbi ba. Mamatan asibitinmu duk suka tashi, ba a busa ƙaho ba. Yanzu kowane wata saƙo yana shigo mini waya: a tuna mata ranar awon jini, ta taho da sauran magungunanta. Sauran suna nan a kan taga.

Nas ta ce gyaran dannawa ɗaya ne, ko daga gida zan iya. Daga gida! 'Yata kuma ta ce in ban yi ba ita za ta yi. Na buɗe shafin a ɗakinmu, na ga an ƙara mata shekara, na rufe.

Za a kai gawa sito gobe da hantsi, a ajiye ta tsakanin karyayyen sikeli da keken guragu marar taya. Ba a buƙatar rakiya. Masu ta'aziyya su same ni a ɗakin kati kowace rana, ban da Litinin da safe. Uwar 'ya'yana tana da ganin likita, kuma ban soke ba.