Habbanayen da na so yi wa tumakin dawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tashi gaban jama'a a Greensboro na ba da shawarar da za ta gama da tumakin dawan Amurka ba. Da zuciya ɗaya na ba da ita, har da murmushi.

Lokacin ina aikin ɗaukar kaya a wani sito a Wendover, ina kuma zuwa ajin manya na koyon karatun Turanci a Downtown. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, a Nijar ba, kiwo na yi. Sai da furfura ta fara fito mini na riƙe fensir. 'Yata Zalika, mai shekara goma sha shida, ita ke karanta mini komai, daga sunan titi har kwalin magani. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, kuma na lura in ƙawayenta suka zo gidanmu a Glenwood ba ta son in buɗe baki. Ban taɓa yi mata faɗa ba. Na dai sa wa raina wata rana za ta ga ubanta yana karatu a tsaye.

Da ƙarshen zango malamarmu, wata dattijuwar Baturiya, ta ce za a gayyaci iyalai, kowa ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Ta haɗa ni da Rosa, wata 'yar Meziko mai aikin otal, ta ba mu batun tumakin dawa masu manyan ƙaho da ke duwatsun yammacin ƙasar. Ni zan fara, in faɗi yadda suka ragu, Rosa ta biyo baya da yadda ake kula da su. Da na ga hoton ragon sai na ji kamar na ga ɗan garinmu. Muna da irinsa a duwatsun Ayar, ragon dutse, kuma da idona na ga yadda fari da mafarauta masu mota suka rage shi.

Ranar da malama ta nuna wa aji fim a kan tumakin, ni ina sito, an canza mini shif. Zalika ta ce mu je laburare ta duba mini a kwamfuta.

Na ce, “Zalika, tumaki za ki koya mini? Ni da na yi wayo a cikin kashinsu?”

Ta ɗaga kafaɗa ta koma ɗaki. (Da na san abin da ke gaba, da goya ta zan yi har laburaren.)

Na rubuta nawa a hankali: farauta ta yi yawa, hanyoyi da shingaye sun yanke musu wurin kiwo, ruwa ya yi nisa. Duk daidai ne. A nan ya kamata in tsaya. Amma sai na ga Turawan nan da duk iliminsu ba su san habbanaye ba. A wajenmu in fari ya cinye garken mutum, maƙwabci kan ara masa tunkiya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Haka garke ke tashi. Na ƙara wannan a ƙasa ban gaya wa malama ba, don ina son ya zo mata ba zato. Na kuma je wajen Alhaji Mamman, mai 'yar gona a bayan gari inda muke sayen ragon layya, na yi masa bayani. Ya ce wannan ai aikin lada ne, zai zo da kansa.

Ranar Asabar ɗin ya zo kuwa, da babbar riga mai aiki, ya zauna a gaba. Zalika ta zauna can baya kusa da ƙofa.

Na karanta. Bakina bai kuskure ba. Da na iso ƙarshe na ɗaga murya na ce magani yana da sauƙi: a kora tumakin gida su hau dutse, su cuɗu da na dawa, su ci tare su sha tare, su haihu. Alhaji Mamman ya miƙe ya ce shi ya ba da tumaki biyu, a zo a ɗauka. Baƙi suka yi tafi. 'Yan ajinmu ba su yi ba. Malama tana kallon takalminta. (Na ɗauka daɗi ne ya kama ta.)

Sai Rosa ta tashi. Baiwar Allah ta dube ni kamar mai neman gafara, ta fara karanta nata. Ta ce babban abin da ke kashe tumakin dawa ciwon huhu ne da suke ɗauka daga tumakin gida. Na gida na yawo da shi lafiya lau, na dawa kuwa in suka haɗa hanci kawai, garke guda na iya zubewa, 'yan raguna su yi ta mutuwa shekara bayan shekara. Don haka aikin farko shi ne a raba su, a nisanta makiyaya daga duwatsun. Sannan a taƙaita farauta, a gina musu wurin shan ruwa, a ɗebi masu lafiya a kai dutsen da ya zama kango. Ta ƙara da cewa ragon dawan da aka gani ya shiga cikin na gida, sau da yawa harbe shi ake don kada ya kai cutar wa 'yan'uwansa.

Wani ya yi tari. Wata ta toshe baki da gyale. Ni ina zaune kusa da Rosa, fuskata na kallon jama'a, babu inda zan kai ta. Alhaji bai kama Turancin duka ba, sai ya juyo ya tambaye ni da Hausa, da ƙarfi, yaushe za a zo ɗaukar tumakin.

Na ce, “Alhaji, a bar su tukuna.”

Malama ta yi ƙoƙari, ta ce habbanaye al'ada ce mai kyau, har ma ɗebe masu lafiya a kai wani dutse ɗan'uwanta ne. Na gode mata, amma zufa ta riga ta jiƙa mini hula. Ban iya duban wajen ƙofa ba.

A tashar bas muka tsaya ni da Zalika. Ina jiran ta saka abin jin waƙa a kunne kamar kullum. Da muka zauna sai na ga kafaɗunta na rawa, dariya take dannewa. Ta juyo ta yi mini Hausa, Hausar da na daɗe ban ji a bakinta ba.

“Baba, ka kashe su duka. Amma wallahi ba ka yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.”

Sannan ta ce in ƙara gaya mata yadda ake habbanayen, wa ke riƙe ɗa na farko. Har muka sauka Glenwood ina bayani, tana tambaya.

Alhaji Mamman bai bar ni ba har yau. Duk layya in na je gonarsa sai ya tambaye ni ko na dawa nake so ko na gida. Ni kuwa tun ranar, in wani ya ce zai duba mini abu a kwamfuta, ko a kan tumaki ne, takalmina nake nema mu tafi.