Ta'aziyyar Hajja Mai Rai

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin da ya tarbe mu a ƙofar gidan Umm Yazan ba. Ƙamshin man shanu ne da sukari, irin na kayan zaƙin da ake yi ranar murna. Ina tsaye a gaba, ayarin mata na bayana, kowacce ta ɗaure fuska irin ta zaman makoki. Na ce a raina, to ko su Falasɗinawa da kunafa suke makoki? (Kun ji ni fa. Ko a wannan lokacin ban kawo cewa ni ce na yi kuskure ba, al'adar mutane nake tuhuma.)

Bari in koma baya kaɗan.

Bayan na gama sakandare a Kaduna na zo Riyad wurin iyayena. A unguwar Malaz muke, hawa na uku. Baba shi ke kula da direbobin wani kamfanin gini da ke aiki a Dir'iyya, kuma injiniyan da ke sama da shi Bafalasɗine ne, Abu Yazan. Shi ya samo mana gidan da muke ciki, shi ke sa baki duk lokacin da za a sabunta wa Baba iƙama, wato katin izinin zama. Bango ɗaya ne tsakanin falonmu da nasu.

Tun da aka fara yaƙin Gaza na naɗa kaina kakakin Falasɗinawa a guruf ɗin matan Hausawan unguwarmu. Ba wanda ya zaɓe ni. Kullum sai na tura bidiyo, na bi shi da dogon bayani, na rufe da hoton fuskata da hawaye. Hajiya Mariya, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ta daɗe a Riyad har Larabcinta ya fi na wasu Larabawan sauri, ita ta raɗa mini suna Jakadiya. Na san tsokana ce, amma na karɓa hannu biyu.

Baba ya sha ja mini kunne. "Uwata, nan ba Kaduna ba ce. Kati ne ya zaunar da mu, wanda ya ba mu yana iya karɓewa. Ki yi addu'a iya ƙarfinki, amma ki bar sunan mutane."

Abin kunyar shi ne, duk wannan jakadancin, Bafalasɗiniya ɗaya tak na sani a duniya, ita ma daga sallama a lif ba mu wuce ba. Akwai ranar da Umm Yazan ɗin, matar Abu Yazan, ta fara ce mini, "Mahaifiyata…" sai na tare ta da Larabcina na Islamiyya, har da kiranta Khalti, wato inna: "Wallahi Khalti na sani, na ga komai a bidiyo." Na yi ta zuba mata labarin ƙasarsu har lif ya tsaya. Ta yi murmushi ta fita. Ni kuwa na shiga gida ina jin na faranta ran wata baiwar Allah.

To ranar nan da hantsi ina wanke-wanke sai na ji ihu ta bango. Umm Yazan ce, tana kiran mahaifiyarta tana kuka kamar ranta zai fita. Can sai mutane suka fara hawowa, takalma suka taru a ƙofarsu. Mama ta ce, "Ki bari babanki ya dawo mu ji." Da ya dawo ya ce Abu Yazan bai je aiki ba yau, bai kuma faɗi dalili ba. Shi ke nan, ni a wurina bincike ya kammala.

Na shige ɗaki na rubuta sanarwa. Na ce mahaifiyar maƙwabciyarmu ta yi shahada a Gaza. Na sa sunan Umm Yazan, na sa sunan titinmu da lambar bene, don masu zuwa gaisuwa kada su ɓata. Na rubuta da Hausa, na ƙara da Larabci saboda lada ya ninku, na tura guruf, na ɗora a sitatus. Ban gaya wa Baba ba. Mama kuwa da ta gani ta ɗauka wani ne ya tabbatar mini.

Washegari bayan la'asar mata suka hallara a falonmu da katan ɗin ruwa, da dabino, da kwanon waina na sadaka. Ni na ja gaba, na yafa ɗankwalin nan na Falasɗinawa mai baƙi da fari, ina ta maimaita jawabin da na haddace.

Umm Yazan ta buɗe ƙofa. Idanunta a kumbure, wannan kam ya yi daidai da lissafina. Amma ta sa kwalli, tana sanye da doguwar riga mai jan ɗinki a ƙirji, kuma daga ciki ana dariya. Kafin in ce a dakata, Hajiya Mariya ta riga ta rungume ta tana zuba mata ta'aziyya da Larabci. Sauran mata suka ɗauka: Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, Allah ya ba ku haƙuri. Haka muka kwarara cikin falon, matar gida na ja da baya da baki buɗe.

A kan babbar kujera akwai wata 'yar ƙaramar tsohuwa da farin mayafi, kofin shayi a hannunta, an ɗora mata ƙafafu a kan matashi. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Wa ya mutu?"

Hajiya Mariya ta durƙusa gabanta cikin ladabi. "Mahaifiyar matar gidan, Hajja. Ke 'yar'uwarta ce? Allah ya ba ki haƙuri."

Tsohuwa ta kurɓi shayinta. "Ni ce mahaifiyar matar gidan."

Hajiya Mariya ta juyo a hankali, tana durƙushe, ta dube ni, ta ce da Hausa, "Jakadiya. Wannan ce shahidar taki?"

Ashe tsohuwar ta samu fita ta Masar tun watannin baya, tana can tana jiran biza. Abu Yazan ya ɓoye wa matarsa ranar zuwan, ya je filin jirgi ya ɗauko ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ihun da na ji ke nan. (Kuka dai kuka ne, ta bango ba ya zuwa da bayani. Ni ce na ƙara masa gawa.)

Da a nan abin ya tsaya da dariya za a yi a watse. Sai Umm Yazan ta tambayi wanda ya faɗi haka, wata kuma, Allah ya saka mata, ta miƙa mata waya. Na ga lokacin da idonta ya kai kan sunanta da sunan titi. Fara'ar ta ɗauke gaba ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

"Ya binti, 'yata, mu ma da kati muke zaune a garin nan, kamar ku. Ku in an ce ku tafi kuna da inda za ku. Mu ina za mu? Ƙanena yana can har yanzu, in wannan ya kai gare shi kafin in same shi a waya fa?" Ta miƙa wayar. "Ƙofata ga ta ga taku. Me ya hana ki tambaye ni?"

Jawabin da na haddace yana nan a kaina tsaf, ba jimla ɗaya a ciki da za ta yi amfani.

Tsohuwar ce ta cece mu. Ta ce wa 'yarta ta ƙyale yarinya, ta dube mu ta ce, "Ku zauna. Tunda kun ɗauko ta'aziyya har hawa na uku, kada ku koma da ita. Ina da waɗanda za a yi wa."

Muka zauna a ƙasa. Ta fara kiran sunaye, Hajiya Mariya na mayar mana da Hausa. Ƙanwarta, wadda suka yi faɗa kan tukunya kwana kaɗan kafin rasuwarta, ba su shirya ba. Mai gidan burodin layinsu, wanda in ta aika jika sai ya ƙara masa ɗaya mai zafi ya ci a hanya. Wata jikarta da ke son zama likitar haƙori. Tana cikin haka sai ta koma kan bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gidanta, ta ce ba ta san ko tana nan ba, daga nan ta faɗa kan tumatirin Riyad, wai ruwa ne kawai aka shafa wa jan launi. Aka yi kuka, aka yi dariya, aka koma kuka. Duk bidiyon da na kalla ba wanda ya gaya mini akwai faɗan tukunya a ciki.

Kuma don ku san halina: da ta ambaci wata unguwa sai na ji bakina ya buɗe da kansa, "Ai na gani a…" Mama ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau shatinsa yana nan. Na rufe baki. Hajja ta ci waina biyu, ta ce tana da daɗi amma tana neman man zaitun.

Muna komawa gida na goge komai, amma magana ta riga ta yi nisa. Gwaggona ta kira daga Kaduna tana cewa sun yi wa marigayiyar addu'a a Islamiyyarsu. Da safe na tsugunna na gaya wa Baba. Ya sa takalmi, ya ɗauki makullin mota, ya fita.

Wannan yinin ban ci abinci ba. Duk motsin lif sai in miƙe. Ina ta ganin Abu Yazan ya janye hannunsa daga maganar iƙama, ina ganin wasu sun zo ƙofarsu da tambayoyi saboda ni, ina ganin mu a filin jirgi da jakunkuna, Baba ya rasa aikin da yake riƙe da gidaje uku a Kaduna, duk don 'yarsa tana son a ce ita ta fara kawo labari. Mama ta gaji da safa da marwata ta ce in zauna kafin in huda mata kafet.

Gab da magariba Baba ya shigo. Ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar wanda aka biya ya ja mini rai.

"Abu Yazan ya kira ni ofis," ya ce. "Ya rufe ƙofa."

Na zauna a ƙasa.

"Ransa ya ɓaci kan sunan matarsa da kika sa, kuma yana da gaskiya. Na ba shi haƙuri, ya haƙura. Sun samu ƙanen nata a waya, bai ga komai ba. Ba wanda ya zo musu, ba abin da zai taɓa aikina. Ki saki ranki, Uwata." Sai gefen bakinsa ya fara motsi. "Surukarsa kuma ta aiko da saƙo. Wai addu'ar da aka yi mata a Kaduna kada a janye, a ajiye mata, za ta buƙace ta wata rana. Wai kuma ki je gobe, ba ta gama ba ku labari ba. Ki je da kunnuwanki, wayar ta zauna a gida."

Nan na fashe da kukan da na riƙe tun safe, Mama na dariya tana ce mini in rage murya kada maƙwabta su ji ta bango su kawo mana gaisuwa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Har gobe zuciyata tana tare da mutanen nan. Amma yanzu kafin in yi magana da yawun wani sai na duba ko yana kusa, ko yana da bakinsa. In kuma har ta kama sai na sanar da mutuwar mutum, to zan fara jin ta bakinsa tukuna.