Ƙauri Daga Kan Darbejiya

Akwai wani mutumin garinmu, Sallau, tela ne tun kakanni, amma tun da ya sayi babbar waya ya koya wa kansa buɗe shafi a intanet, keken ɗinki ya koma wurin ajiye hula. Ya raɗa wa shafin suna Idon Gari. Ba abin da ba ya rubutawa: tsadar taki, ramin bakin kasuwa, har wanda ya yi walima bai gayyace shi ba. In ka ji ta bakinsa, daga Jidda har Kumasi karanta shi ake yi. In ka bi diddigi, ƙanen matarsa ne direban tirela yake buɗewa duk inda ya yada zango.

Ciwon kansa ɗaya ne, sabis. Garin a kwari yake, sabis kuwa sai ka ce suruki mai kunya, daga nesa zai ɗaga hannu ya wuce. Sallau ya karaɗe gari da waya a sama kamar mai duban wata, har Allah Ya haɗa shi da darbejiyar da ke jikin katangar Malam Maiwada. Can a reshen ƙoli, bayan la'asar, nan kaɗai sabis ke yarda ya zauna a gaisa.

To kowa ya sani, wanda zai hau inda zai hango tsakar gidan mutane sai ya sanar. Sallau kuwa ɗan mutunci ne, bai taɓa tsallake wannan ba. Kafin ya ɗora ƙafa zai buɗe murya, “Masu gida, za a hau sama!” Nan take matan gidan su saki abin da ke hannunsu su faɗa ɗaka. Shi kuma ya gyara zama a reshe, ya danna aikawa, ya zuba wa ɗan zoben nan na fuskar waya ido yana ta zagaye kamar akuya a turke. Wata rana ma sai ladan ya yi gyaran murya sannan ya sauko.

Ana haka ya fara lura da wani abu da ya sosa masa rai. Kullum yana sama, sai ƙauri ya taso ya daki hancinsa. Yau tuwo, gobe miya, jibi wake. Ya ce a ransa wannan ai ɓarna ce, kuma ɗan jarida ba ya ganin ɓarna ya kau da kai. Ya zauna ya zabga rubutu mai taken “Ina Matan Da?” Ya ce girki ya mutu a ƙasar nan, matan yanzu ko tuwo ba sa iya tsarewa, hujja kuwa ga ta nan a wani gida mai darbejiya da ba zai ambaci sunansa ba.

Darbejiya ɗaya ce a unguwar. Karo na farko a tarihin shafin, rubutu ya zagaya gari, har surukan gidan suka fara bugo waya suna tambayar lafiya.

Washegari Sallau ya tsinci kansa gurfane a zauren mai unguwa. Ga Malam Maiwada da gatari a kan cinya. Ga mahaifiyarsa Goggo Tabawa a gefe, wadda ita ke tsaye a kan girkin gidan tun Sallau bai san hannun damansa ba. Sallau ya kalli gatarin, ya san in bishiyar nan ta faɗi, Idon Gari ya makance ke nan.

“Ranka ya daɗe, inuwata ce, ni na shuka,” in ji Malam Maiwada. “Na bar shi yana hawa don zumunci, ashe tsani na ba shi ya zagi gidana duniya ta ji. Yau sai ta zama makamashi.”

Mai unguwa ya ce, “Sallau, magana ɗaya ce. In abin da ka rubuta gaskiya ne, bishiya ta tsaya. In ƙazafi ne, ni zan fara sara. Da idonka ka ga girkin?”

“Allah Ya kiyaye, ranka ya daɗe, ni ba na leƙen gidan mutane. Sanarwa nake yi, ga Goggo nan shaida.”

“Yana yi,” in ji Goggo. “Murya kuwa, tubarkalla.”

Sallau ya ji ƙarfi ya dawo masa. Ya miƙe wuya, ya ɗaga waya sama yadda ya saba.

“To kun ji. Ni aikina bincike ne, ba jita-jita ba. Hancina ne shaidata, kuma ba rana ɗaya ba, ba biyu ba. Na rantse da girman rawaninka, tun da nake hawa bishiyar nan, ban taɓa hawa ban ji ƙauri ba.”

Goggo Tabawa ta gyara lulluɓi, ta dube shi sama da ƙasa.

“Gaskiyarka, ɗan nan. Mu ma ba mu taɓa jin sa ba sai ka hau.”